Ƙararrawar fitsarin kwance: abin da take iyawa da inda aikinta ke ɓaci

Ƙararrawar fitsarin kwance na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta yi ƙara da zarar ɗigon fitsari na farko ya taɓa wandon yaro. A cikin duk abubuwan da ake tallatawa don wannan matsala, ita ce ta fi samun shaidar likitoci wajen warkewar da ke ɗorewa bayan an ajiye ta. Kusan yara 2 cikin 3 kan daina jiƙa shimfiɗa a lokacin da suke amfani da ita, kuma kusan rabin waɗanda suka jure har ƙarshe ba sa komawa. Sai dai masu ƙera ta suna rowar bayani a kan abu guda. Dole a sami babban mutum da zai riƙa tashi tsakar dare na tsawon wata 2 zuwa 3, kuma yawancin gidajen da ke cewa "mun gwada, ba ta yi ba" a nan aikin ya tsaya musu.

Idan aka buɗe kwalin, abu uku ne a ciki: akwatin sauti mai batir, majiyin danshi, da wayar da ke haɗa su. Majiyin ƙarafa biyu ne sirara da ke kusa da juna amma ba su haɗu ba. Fitsari yana ɗauke da gishiri, saboda haka lantarki yana bi ta cikinsa. Da ya jiƙa tsakanin ƙarafan sai hanyar lantarkin ta haɗu, ƙara ta tashi. Ƙarfin wutar kaɗan ne ƙwarai, yaro ba ya jin komai a fatarsa. Dabarar ma tsohuwa ce. A 1904 wani likitan yara mai suna Pfaundler ya haɗa wata shimfiɗa mai irin wannan majiyi don ta sanar da ma'aikatan jinya cewa yaro ya jiƙe, sai ya lura yaran sun fara rage fitsarin. A 1938 ne wasu ma'aurata masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Hobart Mowrer da matarsa Willie Mae, suka mai da ita hanyar magani mai tsari.

Yadda take koyar da jiki

Tushen aikin yana cikin abin da Ivan Pavlov, masanin aikin sassan jiki ɗan Rasha, ya gano a karnukansa a farkon ƙarni na 20. Kare yana zubo da yawu idan an sa masa abinci a baki, ba wanda ya koya masa. Idan aka yi ta kaɗa wani sauti daf da ba shi abincin, sau da yawa, sai sautin shi kaɗai ya fara jawo yawun. Jiki ya haɗa alama da abin da ke biyo bayanta. A ɗakin barcin yaro, ƙara mai zaburarwa ita ce ke tsayawa a matsayin abincin: tana sa mai barci ya firgita, tsokar bakin mafitsara ta matse, fitsari ya yanke, duk ba da koyo ba. Cikar mafitsara kuwa alama ce da ƙwaƙwalwar yaron ba ta saurare cikin barci. Dare bayan dare cikar tana zuwa, ƙarar tana biyo ta, har cikar ita kaɗai ta fara jawo matsewar da farkawar kafin ɗigo ya fita.

Wasu masana na ganin bayanin Pavlov bai ɗauke labarin duka ba, suna karkata ga koyo ta sakamako, wanda B. F. Skinner, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya shahara da shi: abin da ya kawo sauƙi ana maimaita shi, don haka jiki yana koyon riƙe fitsari domin ya guje wa ƙarar da ke ɓata masa barci. Suna da hujja, domin yawancin yaran da suka warke da ƙararrawa ba tashi suke yi su je bayi ba, barcinsu suke yi har safe a bushe, mafitsarar ta koyi ɗaukar fiye da da. Ga mai saye, duk bayanan biyu wuri guda suka nufa. Tazarar da ke tsakanin ɗigo na farko da ƙara ta zama gajera matuƙa, kuma haɗin ya faru kowane dare ba fashi. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace na'ura.

Wacce za a ɗauka

Iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne wanda ake maƙala akwatinsa a kafaɗar rigar barci, waya ta bi ta cikin rigar zuwa majiyin da aka maƙala a gaban kamfai. Shi muka fi yabawa ga yawancin yara. Majiyin yana daidai inda fitsarin ke fitowa, sautin kuma yana kusa da kunne. Rauninsa a waya yake: tana karyewa ta ciki a daidai bakin filogi saboda juye-juyen barci, kuma yaro yana iya fizge ta. A tabbata wayar ta bi ta ƙarƙashin riga, kada a bar ta tana lilo kusa da wuya.

Na biyu shimfiɗa ce da ake sa wa ƙarƙashin zanen gado, akwatin yana gefe. Ba abin da ke taɓa jikin yaro, kuma wannan ne abin da ke jan iyaye gare ta. Amma kafin fitsari ya ratsa wando da zane ya iso gare ta an ɓata lokaci, wani lokaci ma mafitsarar ta gama zubarwa. Yaron da ke birgima yana iya kwana a gefen da shimfiɗar ba ta kai ba, ya jiƙe ba ƙara. A ma'aunin da muka ambata, ita ce ta baya. Tana da amfani ga yaron da sam ba ya jure wani abu a maƙale a jikinsa.

Na uku ba shi da waya. Ɗan ƙaramin mai aika saƙo ne a jikin kamfai, akwatin sauti kuma ana ajiye shi can nesa da gado. Fa'idarsa babba ce ga yaro mai shekara 10 zuwa sama, domin sai ya taka ƙasa kafin ya kashe ƙarar, kuma wasu suna zuwa da akwati na biyu na ɗakin iyaye. Ya fi tsada, kuma abubuwan lalacewa sun fi yawa: batir biyu, saƙon da bango ke iya tarewa, wani lokaci da kamfai na musamman wanda dole a mallaki fiye da ɗaya saboda wanki.

Ko wanne aka zaɓa, akwai abubuwan da suka fi launi da fitilu muhimmanci. Na'ura mai sauti iri-iri da ke canzawa ta fi mai sauti ɗaya, saboda ƙwaƙwalwa tana sabawa da ƙarar da ta maimaitu har ta daina kula ta, kamar yadda duk mai agogon farkarwa ya sani. Wadda ke haɗa ƙara da girgiza ta fi, amma girgiza kaɗai ba ta tayar da mai nauyin barci, kuma ba ta tayar da uwa. A nemi wadda kashe ta ke buƙatar mataki biyu, wato a cire majiyi a busar da shi sannan a danna maɓalli. A nemi wadda ake sayar da majiyinta daban, don shi ne ke fara mutuwa. Idan tana amfani da ƙananan batura irin na agogon hannu, murfin ya zama wanda ba ya buɗuwa da yatsa, domin haɗiye irin wannan batir yana ƙona maƙogwaron ƙaramin yaro cikin 'yan sa'o'i.

Kafin a kashe kuɗi

Likitoci ba sa kiran abin ciwo sai yaro ya cika shekara 5. A wannan shekarun kimanin yara 15 cikin 100 suna fitsarin kwance, kuma kowace shekara kimanin 15 cikin 100 na masu yi suna dainawa da kansu. Ƙararrawa ta fi aiki daga wajen shekara 7, lokacin da yaro zai fahimci abin da ake yi kuma shi ma yana son ya daina. Ba ta dace da wanda ke jiƙewa jefi-jefi ba, ƙasa da sau 1 ko 2 a mako, saboda haɗin ba zai maimaitu yadda jiki zai koya ba.

Akwai yaran da likita ya kamata ya fara gani. Wanda ke jiƙa wando da rana ko fitsari ke matsa masa farat ɗaya, wanda ke jin zafi wajen fitsari, wanda ke yawan ƙishirwa yana ramewa, mai minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, mai ciwon sikila wanda ƙodarsa ba ta iya tattara fitsari sosai, da wanda ya yi wata 6 ko fiye a bushe sannan ya koma. Taurin bayan gida ma babban ɓoyayyen sanadi ne: hanjin da ya cika yana danne mafitsara, kuma muddin ba a gyara shi ba ƙararrawa ba ta cika cin nasara ba.

Akwai ɗan lissafi mai amfani. A ƙara 1 a kan shekarun yaro a ninka da 30, abin da ya fito shi ne mililitar da ake sa ran mafitsararsa za ta ɗauka. Ɗan shekara 7 ke nan mililita 240. A auna fitsarinsa na rana da kofin awo na kwana 2. Don sanin na dare, a auna nauyin famfas kafin barci da bayan tashi, kowane giram 1 na ƙari mililita 1 ne, sannan a haɗa da fitsarin farko na safe. Idan na daren ya wuce kashi 130 cikin 100 na lissafin, wato sama da mililita 312 ga ɗan shekara 7, jikinsa yana yin fitsari da yawa da dare, kuma maganin likita mai suna desmofuresin, wanda ke rage yawan fitsarin da jiki ke yi, yana iya fi masa. Idan kuwa mafitsarar ce ke ɗaukar kaɗan, ƙararrawa ce abokiyar tafiyarsa.

Aikin dare

Da rana a yi gwaji tare da yaron. A taɓa majiyin da tsumma mai ruwan gishiri, ya ji ƙarar, ya kwanta ya yi kamar yana barci, ya tashi, ya kashe, ya tafi bayi. A maimaita sau da dama. Da dare ya yi fitsari kafin kwanciya, ya sa kamfai na auduga mai kama jiki, domin mai faɗi yana nisanta majiyi daga fitsari, nailan kuma ba ya shan ruwa da wuri. A ajiye wando da zane na canji kusa, a bar haske a hanyar bayi.

A makonnin farko sau da yawa yaron ba zai farka ba. Wannan ba lalacewar na'ura ba ne, nauyin barcin nasa yana cikin abin da ya kawo matsalar tun farko. Duk gida zai ji ƙarar ban da shi. Babban da ke kusa ya je da sauri, kada ya kashe ƙarar, ya kunna fitila, ya kira sunansa, ya zaunar da shi, in ta kama ya shafa masa ruwa a fuska, har sai ya farka sarai yana jin ƙarar. Yaron ne zai kashe da hannunsa, ya taka zuwa bayi da ƙafarsa, ya ƙarasa fitsarin, ya canza wando, a goge majiyi a busar a mayar. Ɗaukar yaro yana gyangyaɗi a kai shi bayi yana tsare katifa, amma ba ya koyar da komai. Hanyar gane ko ya farka da gaske ita ce a faɗa masa wata kalma a lokacin, a tambaye shi da safe.

Kada a hana shi ruwa da rana. A dai guje wa abin sha mai kafeyin da yamma. Kuma kada a tsallake dare saboda gajiya ko ƙarshen mako: duk daren da cikar mafitsara ta zo ba ƙara a bayanta, yana sassauta haɗin da ake ginawa.

A riƙa rubutawa: ƙarfe nawa ta yi ƙara, sau nawa, faɗin wurin da ya jiƙe, ko yaron ya farka da kansa. Ci gaba yana fara bayyana a nan tun kafin a ga dare ɗaya a bushe. Tabon yana raguwa, ƙarar tana matsawa zuwa asuba, sau biyu ya koma sau ɗaya, sauran fitsarin da yake yi a bayi yana ƙaruwa. Gidan da ba ya rubutu ba ya ganin wannan, sai ya yanke ƙauna a mako na 3.

Ƙarar ƙarya ita ce ƙorafin da ya fi yawa, kuma zufa ce ke jawo ta, tunda ita ma tana da gishiri. A rage mayafi, ko a sa majiyin tsakanin kamfai biyu. Majiyin da ba a wanke ba yana tara gishirin da ke jawo danshi, sai ya riƙa kuka ba dalili ko ya yi tsatsa ya daina ji. Batir mai rauni kuma yana rage ƙarfin sauti a hankali ba a lura ba.

Abin da ke faruwa a zukatan mutanen gida

A nan ne takardar cikin kwali ke yin shiru, alhali a nan aka fi faɗuwa. Sigmund Freud, likita ɗan Ostiriya mai nazarin tunanin ɗan Adam, ya fara bayanin yadda zuciya ke kare kanta daga kunya da fargaba ba tare da mai ita ya sani ba, 'yarsa Anna Freud kuma ta tsara waɗannan hanyoyin kariya a littafinta na 1936. Ya kamata a faɗi cewa tsofaffin mabiya koyarwar Freud sun ɗauki fitsarin kwance a matsayin alamar rikicin zuciya, har suna tsoron idan aka tsayar da shi da na'ura wata matsalar za ta ɓullo a madadinsa. Bincike bai tabbatar da wannan tsoro ba. Yaran da suka bushe ƙwarin gwiwarsu ƙaruwa yake yi. A mafi yawan lokaci damuwar ce ke biyo bayan fitsarin. Duk da haka bayanin hanyoyin kariyar yana taimakawa ƙwarai wajen gane abin da ke kashe magani.

Yaron da ke cewa "ni ban damu ba", ko ya rantse zufa ce, ko ya cusa wando a ƙarƙashin katifa, musu yake amfani da shi don ya rufe kunyar da ta fi ƙarfinsa. Iyaye kan karanta wannan a matsayin taurin kai, su ce tunda bai damu ba gara a matsa masa. Matsawar tana ƙara kaurin musun. Abin da ke sassauta shi shi ne yaron ya ji cewa ba shi kaɗai ba ne, kuma ba da gangan yake yi ba. Amma kada a mai da komai maganar zuciya. Yaron da ke fizge waya cikin magagi ya koma barci koyo ta sakamako ne ya kama shi: ya ja waya, ƙara ta tsaya, ya sami sauƙi nan take, kuma jiki yana haddace irin wannan darasi cikin dare kaɗan. Maganinsa na'ura mai kashewa ta mataki biyu, ko mara waya.

Hanyoyin kariyar manya sun fi wuyar gani. Uwar da ta kwana uku ba barci, ga aiki ga wanki, tana iya sauke wa yaro faɗan da ba nasa ba, haushin kaza huce kan dami. Uban da ya fi kowa zafi a kan lamarin wani lokaci shi ne wanda ya yi fama da shi yana yaro, kunyar da ya binne ce yake gani a jikin ɗansa. Gado yana da ƙarfi a nan: idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi, fiye da yara 4 cikin 10 kan yi, idan su biyun ne, fiye da 7 cikin 10. Sannan akwai ƙirƙiro uzuri mai kama da hankali. A dare na 10 sai a ji "wannan na'ura jabu ce" ko "tana hana shi karatu", alhali gaskiyar ita ce babban ya gaji, kuma faɗin hakan ya fi wuya. Gajiyar ba laifi ba ce. Idan aka kira ta da sunanta ana iya raba dare tsakanin manya biyu, ko a ɗage farawa zuwa lokacin hutu. Idan aka ɗora wa na'ura, shi ke nan an rufe ƙofa.

Wannan ne ya sa ƙa'idojin likitoci, ciki har da na hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, na 2010, ke cewa ƙararrawa ba ta dace da gidan da iyaye ke nuna fushi ko zargi ga yaron ba. Dalilin ma daga Pavlov yake. Idan abin da ke biyo ƙarar tsawa ce ko mari, jiki zai haɗa ƙarar da tsoro, abin da yaron zai koya shi ne ɓoye majiyi. Lada kuma a ba da shi kan abin da ke hannunsa: ya tashi, ya je bayi, ya taimaka wajen canza zane. Ba da kyauta don daren da aka wayi gari a bushe yana nufin hana shi kyauta kan abin da ya faru yana barci.

Yaron da ya koma fitsarin kwance bayan an haifi ƙane, ko an sauya makaranta, ko an yi rashi, ana iya fassara shi da komawar zuciya zuwa halin yarinta don neman tsaro. Yana faruwa. Amma a fara gwada fitsarinsa, domin ciwon suga da cutar mafitsara su ma haka suke sallama.

Tsayawa da komawa

A duba sakamako a mako na 4. In akwai alamun ci gaba a ci gaba, har a sami dare 14 a jere a bushe. In an kai mako 6 ana bin ƙa'ida ba wani motsi ko kaɗan, a dakata a koma wa likita, ana iya sake gwadawa bayan wasu watanni. Komawa bayan an daina abu ne sananne, kuma Pavlov ya gan shi a karnukansa: alamar da ta daina samun abin da ke biyo ta, tasirinta yana dusashewa. Hanyar rage wannan ita ce, bayan dare 14 ɗin, a fara ba yaron ƙarin ruwa kamar kofi ɗaya a sa'ar ƙarshe kafin barci, ƙararrawa tana maƙale. Zai yiwu ya sake jiƙewa na 'yan kwanaki, kuma hakan ake so, domin jiki ya koyi darasin da mafitsara cike taf. A ci gaba har a sake samun wasu dare 14. Ba a yin wannan ga yaron da ke shan desmofuresin ko kusa, saboda maganin yana riƙe ruwa a jiki, ƙarin sha a kansa yana iya saukar da gishirin jini zuwa matakin haɗari.

Idan aka kwatanta su, desmofuresin yana aiki tun daren farko kuma ya fi dacewa da tafiya ko kwanan makaranta, amma yawancin yara suna komawa da an daina sha. Ƙararrawa tana da jinkiri da wahala, abin da ta koyar kuma ya fi zama. Bayan an gama kada a yar da ita. A cire batir don kada ya zubo ya cinye ƙarafan ciki, a wanke majiyi a busar, a ajiye. Idan yaron ya fara jiƙewa sau 2 ko fiye a mako, a mayar da ita nan da nan, zagaye na biyu yakan yi nasara.